Gwajin Jini a Hanyar Ajingi

Asabar, bayan isha'i

Yau koci Habu ya soki yatsana, ya ɗiga jinin a 'yar na'urarsa. Ya ce laktet, sinadarin da ke taruwa idan tsoka ta wahala, yana hawa mini da wuri. "Nura, in kana son shiga gasar keke ta jiha, sai ka koyi tuƙi a hankali tukuna."

Raina bai so ba. Wajen Gafasa wani dattijo ɗauke da buhun gero a keke ya wuce ni yana cewa, "Sannu ɗana, taya ce ta sace?" Na daure ban bi shi ba.

Na iso Gaya cinyoyina ba sa zafi, har na tsuguna na yi alwala ban dafa bango ba.