Ƙafar Nata'ala

Talata, 9 ga Oktoba, 1979

Likita Oladipo ya fara bincikensa, wai yana son sanin abin da ya sa ciwon mashaya ba ya warkewa. Ni aka ɗora wa ɗibar jini da awon miki, kamar babu wata nas a Suleja sai ni Sailuba. Majinyata goma sha biyu. Wanda ya fi ƙona min rai Nata'ala ne, makanikin Gauraka da inji ya faɗo wa a ƙafa. Sati bakwai, mikin sai ruwa yake. Wari har cikin ɗankwalina.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Na kasa cin tuwo.

Litinin, 15 ga Oktoba

Luka, manomin Garam da ba ya shan komai, ya tafi gida da ƙafarsa. Mikinsa ya fi na Nata'ala zurfi, amma ya rufe cikin sati uku. Likita ya sa na leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta na ga jininsu. Ya ce fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta sun yi ƙaranci a na Nata'ala. Murna yake kamar ya tsinci zinariya. Shi ma ya ba ni haushi.

Asabar, 20 ga Oktoba

Butar da abokan Nata'ala ke kawo masa ashe ogogoro ne a ciki. Ƙwaya kuma ƙarƙashin matashin kansa. Na tuttular a kwata a gabansu. Ƙartai da gemu, ko kunya babu. Likita ya ce in ba a ga canji ba, Minna za a kai shi a yanke ƙafar.

Laraba, 24 ga Oktoba

Kwana huɗu bai sha ba. Makyarkyata, gumi, amai a kan takalmina. Yana ta zagi, sai kuma ya ce, "Malama, tun dawowata daga yaƙi ban taɓa barci ba sai na sha." Na wanke takalmin sau uku.

Juma'a, 2 ga Nuwamba

Mikin ya fara jan nama a gefe. Na auna sau biyu kafin na rubuta. Likita ya ɗaga maganar Minna zuwa mako mai zuwa.

Warin na nan. Abokiyar aikina Ngozi ce da wankin ciwon gobe, na ce ta bar min. Hannunta da nauyi, don wannan ne kawai.