Yasin Ɗin Maraya da Hannun Malam Khalilu

Zuwa ga Malama Safara'u ta Ɗambatta, mai amsa wasiƙun mata.

Malama, ki taimake ni don Allah, zuciyata ta ƙi sanyi. Fataken gishiri na ba wa takardar nan su kawo miki.

Jikana Uwaisu maraya ne. Ubansa ya rasu a harin Damagarawa, a hannuna ya tashi, a ƙauyenmu kusa da Kunci. Tun bai iya ɗaura wando ba yake kwashe karatun zauren maƙwabta, ji ɗaya ya zauna masa. Bai yi famfara ba ya haddace rabin Alƙur'ani. Mu asalinmu Barno ne, mun san karatu, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Sai dai bahago ne.

Na kai shi wurin Malam Khalilu ya koyi rubutun allo. Da ya ga yaron ya ɗauki alƙalami da hagu, sai ya ce hannun tsarki ba zai rubuta sunan Allah ba. Kullum ya ɗaure masa hannun ta baya da igiyar rama, tun daga shuka har aka yanke gero. In ya kwance, bulala. Yau yaron da ke cika mini gida da tilawa in'ina yake yi. Ko Fatiha sai ya maƙale, sai hawaye.

Wallahi ban yafe ba. So nake hannun Khalilu na dama ya shanye, ya ci tuwo da hagu a gaban ɗalibansa. An ce in maraya ya ja wa azzalumi Yasin, sai ta kama shi. Ita kaɗai ta rage wa Uwaisu, yana rera ta ba gargada in yana kiwon awaki. Ya halatta in sa shi ya ja wa Khalilu?

Kakar Bahago

Amsa

'Yar'uwa, fushinki yana kan hanya. Malam Khalilu hannun dama yake so wa yaron, haka shi ma aka koya masa, ban ce mugunta ya nufa ba. Amma ɗaure hannu har harshe ya ɗaure zalunci ne.

Ki cire Uwaisu daga wurinsa yau. Ki kai maganar gaban limaminku, don kada a maimaita a kan wani yaron. Shi kuma jikanki, kada kowa ya ce masa karanta. Ki bar shi ya yi zane a ƙasa da hannun da ya ga dama. In kina kaɗi yana kusa, ki ja wata sura, ki tsallake aya da gangan. Mai irin kansa ba ya iya haƙuri da kuskure, wata rana zai gyara miki.

Batun Yasin kuwa, a'a. Da bakinki kika ce ita kaɗai ta rage masa, don ita ce igiya ba ta taɓa ba. Ranar da kika sa shi ya karanta ta da sunan Khalilu, ita ma za ta maƙale. Malam ya raba shi da sauran, kada ke ki raba shi da ta ƙarshe.

Allah ya buɗe harshensa, ya sanyaya zuciyarki, ya nuna miki ranar saukarsa.

Malama Safara'u