Ɗigon da Ya Bi Ni Ɗakin Wanki

Yaya,

Salamu alaikum, ya sanyin ɗakin kwamfuta? Ni ina ɗakin masu gadin otal ɗin nan da muke aiki, sun karɓe wayata har da takalmi, shi ya sa na ba wani mai gadi takardar nan ya kawo miki. Wayar wani baƙo ta ɓata, manaja ya ce na'urarku ta nuna ni. Na yi dariya, ba wanda ya taya ni. Tsokana kam ba a gaya mini, amma sata? An ce in ba ta fito ba kafin la'asar, sai 'yan sanda. Don Allah kada Inna ta ji. Ki yi haƙuri da rubutun, bokon a titi na tsince shi.

Ƙaninki, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Akwatunan intanet da ke manne a silin suna jin kowace waya. Wanda ta fi kusa da shi ya fi jin ta da ƙarfi, da haka muke sa mata ɗigo a taswirar ginin. Ɗigon ya fito daga ɗakin baƙon, ya shiga lif, ya sauka ɗakin wanki, duk tare da kai a kyamara. Yana can har yanzu, amma ɗazu ƙarfinsa ya faɗi, kamar an rufe wayar cikin ƙarfe. In wasa ne, ya isa haka. Ina ka sa ta?

Yayarka

Yaya,

Gaisuwa a tsaye. Wallahi ba ni ya bi ba, keken zannuwan gadon da nake turawa ya bi! Bawan Allahn nan da ita ya kwana, na naɗe ta cikin zani ban sani ba. Ƙarfen kuwa injin wanki ne. Baba mai wanki yakan cika shi, ya tafi azahar, in ya dawo ya sakar masa ruwa. Ga shi an sallame. In ta jiƙe ɗigon ya mutu, ba mai duba can, ni ke nan ɓarawo. Ki cire takalmin gayun nan ki ruga! Kada ki ce masa ni na aiko ki, zai ɗauka tsiyata ce ya kunna injin don haushi.

Na rataya a wuyanki, Auta

Auta,

Barka da arziki. Ina kan matakala na ji injin ya tashi. Mun kashe shi, mun zaro ta cikin zani tana ɗigar kumfa, a gaban manaja. An fasa kiran 'yan sanda. Wayar dai ta mutu, baƙon yana ta ruwan bala'i, manaja kuma yana jiranka a ofis. Ka shiga ba dariya.

Allah ya tsare, Yayarka