Babi na Huɗu

Lome, 3 ga Yuli

Matata Esenam,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Mama, ya ruwan Kpalime? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ina cikin tsaka mai wuya. Kin san ɗalibina Elom, ɗan masunta, wanda zai kare kundin digirinsa ranar ashirin ga wata. Rufin zauren tsangayarmu yana yoyo, sai aka mayar da taron zauren cibiyar koyon harshe, wadda gwamnatin wata ƙasar waje ta gina mana. Daraktan cibiyar, ɗan ƙasar can, ya karanta kundin, ya tsaya a babi na huɗu. A nan ne matan da ke bandar kifi suka faɗi yadda manyan jiragen ƙasarsa ke kwashe kifin gaɓarmu, har da ƙananan.

Jiya shugaban tsangaya ya kira ni. Ya ce, "Malam Kudjo, ba wanda ya ce yaron ya yi ƙarya. Amma ba a cin tuwon mutum a zage shi a ɗakinsa." Sai ya tambaye ni lafiyar Dzifa. Ni da na san bai taɓa riƙe sunan 'yarmu ba. Sunanta yana cikin waɗanda cibiyar za ta tura karatun likita a ƙasarsu, kuma ba a sa hannu ba tukuna.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na yi masa sallama na fito. Shekara goma sha bakwai ina gaya wa ɗalibai su rubuta abin da suka gani.

Mijinki,
Kudjo

Lome, 11 ga Yuli

Esenam,

Da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙonki cewa in bi zuciyata. Wace daga ciki?

Dzifa har ta sayi akwati, tana ta gwada gaisuwar mutanen ƙasar can a kaina. Na kira Elom na ce babin yana da rauni, a cire shi, daga baya ma buga shi dabam. Ƙarya nake, shi ne mafi kyau a kundin. Ya dube ni ya ce, "To, Malam, kai ka fi sani." Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Naki,
Kudjo

Lome, 21 ga Yuli

Esenam,

Ina gaishe ki, ki gaida Mama.

An yi taron jiya. Elom ya ci, darakta ya tafa, takardar Dzifa ta fito da safen nan.

Dangin yaron sun cika zauren da kulolin abinci, kamar yadda aka saba. Bayan an tashi, mahaifiyarsa mai bandar kifi, wadda ake kira Da Yawa, ta tare ni da ƙunshin bandar kifi. Ta ce, "Malam, yaron nan ya zaunar da ni kwana uku ina magana. Nuna mini inda aka sa tawa."

Ba ta iya karatu ba. Na buɗe kundin, na ɗora yatsa a wani shafi da ke maganar zurfin teku. Ta shafa wurin, ta ce yanzu manya za su ji. Elom yana tsaye a bayanta.

Kifin yana nan a kicin, na kasa ci. Kada ki gaya wa Dzifa.

Mijinki,
Kudjo