Handikafa da Akawal

Daga Sada a Kankiya zuwa ga Yaya Dawuda a Kusada.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina Inno da jiki? Bayan haka, albishirinka! Baturen da nake kula wa da dawaki zai haɗa sukuwa bayan girbi, kuma ni ya naɗa handikafa, don ya ce ba wanda ya kai ni idon doki. Ka fara kiwata dokinmu Akawal, ka zo ka hau shi da kanka. Haza wassalam.

Zuwa ga ƙanena Sada.

Gaisuwa da sa albarka. Inno ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, amma ba wanda ya san mi ke nan handikafa. Modibbo ya ce wataƙila mai duba hannu da ƙafa ne. Ko ma mi ne ne, tunda namu ne a kai, na shaida wa mutanen Mawashi su gyara ganguna. Wassalam.

Yaya,

Bayan gaisuwa, ka gaida Modibbo, ya kusa canka daidai. Handikafa shi ke auna ƙarfin kowane doki kafin a tashi, ya faɗi wanda ake sa ran zai ci, sannan ya ɗaura wa masu ƙarfi jakar yashi a sirdi don raunana su samu shiga. Na duba dawakin Kafin Soli da na garin Boko, babu kamar Akawal. Saboda haka nasa kayan ya fi na kowa nauyi. Ka yi haƙuri. Naka Sada.

Sada,

Na amsa gaisuwa. Ashe sarautar zaluntar dokin gidanku aka ba ka? Ni na goya ka fa! Inno ta ce in ƙyale ka. Zan zo don kada a ce na ji tsoro, amma ba zan sauka wajenka ba.

Yaya,

Allah ya huci zuciyarka. In na rage masa ka ci, cewa za a yi ƙanenka ya ba ka. Ka riƙe linzami har kwanar tsamiya, sannan ka sake shi. Wassalam.

Ƙanena Sada,

Gaisuwa! Ka gani da idonka? Da tsawon wuyan doki ɗaya muka wuce kilin Kafin Soli, da yashinka da komai! Na neme ka, jama'a suka ɗauke ni sama sai bakin kasuwa. Muryata har yau ba ta dawo ba. Inno ta aiko maka da fura. Baɗi ka ƙara masa jaka guda.

Yayanka Dawuda.