Na Ce Duk Inda Ya Aike Ni Zan Je, Sai Ga Takanamat

Inna Hanatu, don Allah ki taimake ni, bakina ya ja mini.

Ni malamar lakwal ce, wato makaranta, a nan Tawa, asalinmu mutanen Maradi ne, kuma ni ke jan waƙa a majami'armu. A taron zumuntar mata na watan jiya aka ba ni addu'ar rufewa. Addu'a ta yi daɗi, mata na ta cewa amin, ni kuma na ɗaga murya na ce, Ubangiji, duk inda ka aike ni zan je. A raina, Inna, Yamai nake nufi. Ko Ƙonni ce ma da na yi haƙuri.

Ba a jima ba darekta ya kira ni ofis, ya ce an canza mini wurin aiki zuwa ƙauyen Takanamat.

Na ce ba zan ƙi Allah ba, amma sai na tabbata shi ne ya aike ni, ba mutanen ofis ba. Sai na roƙi alama. Muna da maƙwabciya, Rakia, wadda tun da akuyarta ta cinye mini zogale ko gaisawa ba ma yi. Na ce, in nufinka ne, Rakia ta fara gaishe ni. Na san halinta, na kwantar da hankalina. Washegari sai ga ta da sallama, da cuku a kwano, wai ta ji labari, kuma yayanta Aghali yana da ɗaki a Takanamat kusa da lakwal, babu kowa ciki.

Na ce wannan ba ta shiga lissafi ba, Rakia so take in tafi akuyarta ta sake. Na canza alama: maigidana Sulemanu, wanda ko shayi bai iya dafawa ba, ya yarda ba gardama. Ina faɗa masa ya ce in je kawai, Allah ya riga ni isa can. Ko fuska bai ɓata ba! Har yau ina jin haushin saurin yardar nan.

Yanzu ina tunanin wata alamar, raƙumi ya shigo majami'a ya durƙusa gaban fasto. Tsorona, yadda abubuwa ke tafiya, zai iya shigowa.

Inna, wasa nake yi amma zuciyata ba daɗi. Ban san Kirista ko ɗaya a can ba. Da wa zan yi addu'a? Ban taɓa yin Lahadi ni kaɗai ba, ina tsoro bangaskiyata ta bushe. Ga Debora kuma, mai waƙa a bayana, ta riga ta fara gyaran murya. Ko addu'ar abinci yanzu a taƙaice nake yi, kada in sake faɗin abin da za a riƙe ni da shi. In je, ko in nemi a soke?

Taki,
Mai Dogon Amin

Ƴata Mai Dogon Amin,

Na yi dariya, sannan na tausaya miki. Ki bar raƙuman mutane su yi kiwonsu. Ba alama kike nema ba, wanda zai ce miki kada ki je kike nema, kuma har yanzu ba ki samu ba.

Ba kowace takardar ofis ce muryar Allah ba, wannan gaskiyarki ce. In akwai dalili na lafiya, ko na yara, ko na tsaron hanya, neman a sake duba maganar ba zunubi ba ne. Amma a duk bayaninki dalili ɗaya na gani mai nauyi, tsoron kaɗaici. Na Debora ba dalili ba ne, ki ba ta waƙar da hannunki.

Abin da ya fi damuna shi ne addu'ar da kika taƙaita. Allah ba ɗan sanda ba ne da ke jiran bakinki ya kuɓuce ya kama ki. Ki koma ki gaya masa a fili cewa kin faɗi abin da ya fi ƙarfinki, kuma kina tsoro. Biyayya daga nan take farawa.

Sannan ki je Takanamat ke da maigidanki, ki ga ɗakin da ajin da idonki, ki tambayi halin hanya. Ki zaunar da Sulemanu ki ji cikinsa, wataƙila haɗiye tasa damuwar ya yi don ya ƙarfafa ki. Ki shirya da fasto da matan zumunta yadda za ku riƙa addu'a ta waya, kina zuwa gida ƙarshen sati in hali ya yi. Rakia kuma ki mayar mata da kwanonta da wani abu ciki.

In kin duba babu haɗari, shawarata ki je. Akwai yara a can da suke zaune a aji suna kallon allo babu mai rubutu, kuma su ma iyayensu sun roƙi Allah ya kawo malama. Ubangiji ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa ki ji daɗin zama da su.

Inna Hanatu