Turke Mai Lamba Arba'in da Bakwai Yana Cikin Ruwa

Zuwa ga Shugaban Majalisar Ƙasarmu da dukan wakilanta,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da talakawan da Allah ya ɗora muku. Allah ya ja zamaninku, amin.

Bayan haka, ni ce Rabi maginiyar tukwane, matar marigayi Mamman, daga ƙauyen nan na tsakanin Batsari da Safana wanda kuka ce za a tayar a sake masa mazauni. 'Ya'yana uku, babbarsu ba ta kai shekara goma sha biyu ba. Da hannuna na rubuta wannan takarda. Da furfurata na koyi boko, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata a gidan mai gari. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Na aika wa jarida ne saboda sau biyu ina ba da saƙo ta hannun mai gari, har yau shiru.

Na ɗaya. Ban ƙi tsarinku ba. An tara mazanmu an karanta musu cewa hanyar mota za ta ratsa tsohon gari, za a gina rumfar awon auduga da ɗakin shan magani da makaranta, kowane gida a ba shi fili a sabon gari, layi-layi. An ce don jikokinmu ake yi. Da labarin ya shigo cikin gida har guɗa na yi, don na gaji da goya yaro mai zazzaɓi har Batsari a ƙafa.

Na biyu. Da bazara safiyo mai awon ƙasa ya zo, shi da Bature da masu jan sarƙar awo. Ƙasarmu duwatsu ne ko'ina, sai suka ga wani fili shimfiɗaɗɗe yamma da gari, babu dutse, babu itacen sarewa, suka kakkafa turaku. Wurin nan Kwarin Geza muke ce masa. Ba wanda ya tambaya me ya sa tun kakanninmu ba a taɓa kafa ko bukka a can ba. An dai tambayi maza a ƙofar mai gari, rabinsu ma sun tafi cin rani, waɗanda suka rage suka ce to, ranka ya daɗe. Wane talaka ne zai dubi Bature ya ce masa sarƙarsa ta yi kuskure? Mu mata ba a tambaye mu ba. Alhali shekara ashirin ke nan a kwarin nan nake haƙar yumɓu. Na san inda ƙasar ke tsagewa da rani har ƙafar akuya ta shige, na san inda ruwa ke kawo mini gwiwa da marka.

Na uku. Ranar rabon fili, gefen tudu ya tafi ga masu bakin magana: mai gari, liman, mahauta da 'yan kasuwa. Layin ƙasa, wanda ya faɗa tsakiyar kwarin, mu ya tarar, matan da mazansu suka rasu da tsofaffin da ba su da mai tsaya musu. Abu na farko da na fara karantawa da kaina a wajen aji shi ne lambar turkena: arba'in da bakwai. Na tsaya ina murna na iya karatu, sai na duba gefe na ga ramin da na haƙi yumɓu bara.

Na huɗu. Muna da al'ada, ban sani ba ko tana cikin littattafanku. Ba ma kafa gida a sabon wuri sai ya kwana damina ɗaya muna kallonsa. Akan ajiye busasshen tubali a ƙasa, a kife masa tukunya don kada ruwan sama ya taɓa shi. In kaka ta yi a ɗaga. In tubalin yana nan da ƙarfinsa, ƙasar ta karɓi gini. In ya narke, ruwan daga ƙasa yake tasowa, kuma haka zai ci gindin bango. Kafin ruwan farko na kife tukunya biyu, ɗaya a gindin turkena, ɗaya a jigawar gabas kusa da kuka. Makon jiya na ɗaga su gaban liman da tsofaffi biyu. Tubalin jigawa sai da na buga shi da dutse ya fashe. Na gindin turkena kuwa, caɓi na tarar da kwaɗi biyu a ciki.

Na biyar. Da malamin majalisa ya zo duba turaku, na aika liman ya gaya masa. Amsar da aka kawo mini ita ce takarda ta riga ta tafi Katsina an sa hannu, ba a goge layi, kuma babu ruwa a taswira. Har ya yi dariya, wai tun yaushe tukunya ta zama safiyo. To, ranku ya daɗe, taswirar ba a kwarin za ta kwana ba. 'Ya'yana Halima da Sani da Auta ne za su kwana.

Na taɓa tone ɗan maƙwabciyata daga ƙarƙashin katangar da laima ta ci. Da hannuwan nan na tone shi, kuma ni na riƙe uwarsa da aka fita da shi. Tun daga ranar, in hadari ya haɗu sai na bi bangon ɗakina ina taɓawa. Yanzu an ce da an gama yankan dawa mu rushe gidajenmu mu koma. Ga dawa ta riga ta nuna. Ba ni da namijin da zai ɗauko mini dutse ya yi wa bango fandisho, laka ce za mu kwaɓa ni da yara, a kan laka.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. A dakatar da rushe gidajen masu layin ƙasa har damina mai zuwa. In marka ta yi, a aiko safiyon nan ya tsaya da kansa a gindin turke na arba'in da bakwai, ya cire takalmi, sa'an nan ya koma ya faɗa muku abin da ya gani. In maganata ta tabbata, a mayar da layinmu jigawar gabas, ko da layin zai karkace a takarda. Gaba kuma, in za a tsara wa wani gari zama, a aika a tambayi masu ɗiban ruwa da masu haƙar yumɓu.

In kun ƙi, ni talaka ce, zan rushe in koma inda aka ce, don ban da ƙarfin ja da hukuma. Amma ga shi na rubuta, an buga, kun karanta. Ranar da bangon ya zo ƙasa, duk wanda zai zo mini gaisuwa ya zo, sai dai kada ya ce ba a sani ba.

Allah ya ba ku ikon riƙe amanar da ke wuyanku, ya tsare muku 'ya'yanku a ɗakunan da suke kwana, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Ni ce baiwarku,
Rabi maginiyar tukwane